Koriya ta Kudu ta taɓa hana ɓoye suna a intanet: ga yadda ta kaya



Duk sa'ad da anka ɗauko zancen zage-zage da cin mutuncin da ake yi a Facebook da TikTok, magana guda ce ke fitowa daga bakin masu saurare: a tilasta ma kowa ya sa sunanshi na gaskiya, ku gani in ba a daina ba. Dattawa na faɗin haka, matasa ma na faɗi. Kuma in ka ji ta da farko, magana ce mai hankali, tunda ɓarawo ba ya son fitila. To akwai ƙasar da ba ta tsaya ga faɗi ba. Doka ta yi, ta kuma yi aiki da ita shekara biyar cur, daga 2007 zuwa 2012. Koriya ta Kudu ke nan, ƙasar su Samsung da ke cikin aljihun da yawa daga cikinmu. Tarihin wanga gwaji nake so mu bi yau. Ina sanar da ku tun yanzu, akwai mutuwar matasa a ciki, waɗanda sunka kashe kansu. Ba zan faɗi yadda kowa ya yi ba, kuma gaba kaɗan za ku ji dalili.

A farkon shekarun 2000, lokacin da mu nan sai ka je siber ka biya kuɗin awa ka zauna jiran shafi guda ya buɗe, Koriya ta riga ta kai intanet mai gudu cikin yawancin gidajenta. Kuma ba su dogara da kamfanonin Amurka ba, nasu gare su. Akwai Naver da Daum, manyan shafuka inda mutum ke karanta labarai, ya yi bincike, ya rubuta sharhi a ƙarƙashin kowane labari. Akwai Cyworld, wanda ya riga Facebook zuwa duniya, inda kowane saurayi da budurwa ke da ɗan ɗakinshi na hotuna da waƙoƙi. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 50, harshe guda, kusan rabinsu a babban birnin Seul da kewayenshi. In labari ya hau saman Naver da safe, kafin azahar ƙasar duka ta karanta. Kamar a ce ƙasa ce babba amma dandalinta guda.

A watan Yuni na 2005 wata budurwa ta shiga metiro a Seul, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, riƙe da ɗan karenta. Karen ya yi kashi cikin jirgin. Mutane sunka ce ta kwashe, har da tsofaffi, ta ƙi, ta sauka abinta. Rashin kunya ne, ba mai musu. Amma an ɗauki hotonta, an sa a intanet. Cikin ƴan kwanaki anka laƙaba mata sunan "yarinyar kashin kare", anka shiga tonon ko wace ce, ina take karatu, su wa ne danginta. Ana haɗa hotonta da zane-zanen ba'a, ana gane ta a kan hanya. Jaridu sun ruwaito cewa sai da ta bar jami'a. Laifin da tsumma da ruwan buta guda sunka isa su wanke, shi ya zame mata suna har a jaridun Amurka.

Abin da ya tayar ma mutane hankali a lokacin shi ne rashin daidaiton abin. Ita an tone ta har gida, amma dubban da sunka yi tonon ba a san ko guda ba. Daga nan zancen dokar suna ya yi ƙarfi a majalisa.

Kafin dokar ta fara aiki sai ga mutuwa biyu a jere. Ranar 21 ga Janairu 2007 mawaƙiya U;Nee, mai shekara 25, ta kashe kanta ana gab da fitar da sabon faifanta. Ta daɗe tana shan zagi a kan shigarta da kan zargin ta gyara jikinta wurin likita, kuma iyalinta sun ce tana fama da ciwon damuwa. Ko mako uku ba a cika ba, ranar 10 ga Fabrairu, ƴar fim Jeong Da-bin, mai shekara 26, ta bi. Abin da ya fi ba mutane tsoro, ko bayan mutuwar U;Nee wasu ba su fasa rubuta ba'a a kanta ba. Wani malamin jami'a, Min Byoung-chul, ya ga haka ya ba ɗalibanshi aiki: kowa ya je shafin wanda ake zagi ya rubuta mishi magana mai daɗi. Daga wanga aikin aji anka kafa ƙungiyar Sunfull a 2007, wadda daga baya ta shiga makarantu da yawa.

A watan Yuli na 2007 dokar ta fara aiki. Bari in yi bayanin yadda take, don mutane na ɗauka an sa kowa ya manna sunanshi a fili ne. A'a. Kowane ɗan Koriya na da lambar ɗan ƙasa mai alƙalami 13, shida na farko ranar haihuwarshi ce. Tsari ne da anka fara tun 1968, shekarar da ƴan kwamandon Koriya ta Arewa sunka kutsa Seul da nufin kashe shugaban ƙasa. Dokar 2007 ta ce duk babban shafin da ke samun baƙi 300,000 a rana, ko 200,000 in na jarida ne, kada ya bar kowa ya rubuta sharhi sai ya ba da sunanshi da wannan lamba an tantance. Bayan haka kana iya kiran kanka "Zakin Dare" in ka ga dama, jama'a ba su san ka ba, amma kamfani ya san ka, kuma ranar da ƴan sanda sunka tambaya za a ba su. A 2009 anka sauko da adadin zuwa baƙi 100,000, don tarun ya kama shafuka da yawa.

Shekara guda da wata uku da fara aikin dokar, sai ga abin da ya girgiza ƙasar fiye da duk na baya.

Choi Jin-sil ita ce wadda suke kira ƴar fim ɗin ƙasa. Ta taso cikin talauci, ta yi kusan shekara 20 ana kallonta a tele, ta yi aure da wani shahararren ɗan wasan ƙwallon sanda, auren ya mutu a 2004 bayan rigima mai zafi, ta riƙe ɗiyanta biyu ta koma aiki. A watan Satumba na 2008 anka iske gawar wani ɗan fim mai suna Ahn Jae-hwan, mijin ƙawarta, wanda ya kashe kanshi, bashi ya yi mishi katutu. Nan take jita-jita ta tashi a intanet cewa wai Choi ce ke ba da bashi da ruwa a ɓoye, wai ta ranta mishi won miliyar 2 da rabi, wajen dalar Amurka miliyan 2, ta matsa mishi har ya mutu. Ba wata shaida. Ta kai ƙara wurin ƴan sanda, kuma sun bi sawu sun gano wadda ta sa maganar a wani shafi: wata matashiya ce, ma'aikaciyar kamfanin hada-hadar hannun jari. Ita ma ba ita ta ƙaga ba, turo mata anka yi, wanda ya turo mata shi ma turo mishi anka yi. Ranar 2 ga Oktoba 2008 Choi Jin-sil ta kashe kanta. Shekararta 39.

A nan nake so mu dakata. Tsarin ya yi abin da anka gina shi don ya yi, an nemi mutum an same shi cikin ƴan kwanaki. Amma me kama mutum guda zai yi ma matar da ƙasa duka ta riga ta karanta cewa ita ta kashe mijin ƙawarta? Maganar ta riga ta zama ta kowa. Wanga ya karanta ya tura, wancan ya ƙara gishiri, wani ya rubuta "dama ni ban taɓa yarda da ita ba". Kowannensu in ka tsare shi zai ce maka shi layi guda ya rubuta. Kuma gaskiyarshi, layi guda ne. Ita ce ke karanta su duka a haɗe, da dare, ita kaɗai. Sa'annan da ta mutu, taron bai watse ba. Juyawa ya yi kan ma'aikaciyar nan, anka tono sunanta da hotonta anka baza. Masu jin haushin an kashe musu tauraruwa da baki sunka ɗauki makamin nan dai.

Ƙididdigar ƙasar ta nuna adadin masu kashe kansu ya yi tsalle a watan Oktoban nan, kuma da yawa sun bi irin hanyar da jaridu sunka bayyana dalla-dalla. Masana na kiran wanga abu tasirin Werther, daga sunan wani littafin Goethe na 1774. Wani masani Ba'amurke, David Phillips, shi ya raɗa sunan a 1974 bayan ya lura cewa in jaridu sun yi ta buga labarin kashe kai a shafin farko, adadin na ƙaruwa a makonnin da ke biye. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke roƙon mu ƴan jarida kada mu bayyana hanya ko wuri. Dalilin da na ce ba zan faɗa ba ke nan. Gidan Choi kuwa abin bai tsaya kanta ba: ƙanenta ya kashe kanshi a 2010, tsohon mijinta a 2013.

Jam'iyya mai mulki ta so ta yi amfani da zafin mutuwar ta kawo wata sabuwar doka da za ta ba hukuma damar gurfanar da mai zagi ko wanda anka zaga bai kai ƙara ba. Har sun fara kiranta dokar Choi Jin-sil. Ƴan adawa sunka ce wannan ba don ƴan fim ake yin ta ba, don masu sukar gwamnati ne. Ba ta wuce ba. Amma ba a daɗe ba anka ga abin da suke tsoro.

Akwai wani mai rubutu a dandalin muhawara na Daum da ke kiran kanshi Minerva. A 2008 ya yi ta rubutu kan tattalin arziki, ya hango faɗuwar bankin Lehman Brothers na Amurka kafin ta faru, ya hango faɗuwar kuɗin ƙasar. Mutane sunka ɗauka wani tsohon ƙusa ne na banki. A watan Janairu na 2009 anka kama shi bisa zargin yaɗa labarin ƙarya. Ashe Park Dae-sung ne, matashi ɗan shekara 30 da ɗoriya, ba ya da aiki, da littattafai ya koya ma kanshi. Ya yi wajen kwana ɗari a tsare kafin kotu ta wanke shi a watan Afrilu. Darasin da matasan Koriya sunka ɗauka a fili yake: ƙofar da anka buɗe don a kamo mai zagin ƴar fim, ta nan ake shiga a kamo mai sukar minista. A cikin watan Afrilun nan kuma kamfanin Google ya ƙi bin dokar. Ya rufe sa bidiyo da sharhi a YouTube ga duk wanda ya zaɓi Koriya a matsayin ƙasarshi. Sai kowa ya shiga ya canza ƙasa, ya ci gaba da harkarshi. Twitter da Facebook ma dokar ba ta kai gare su ba, jama'a sunka yi ta ƙaura can.

Labarin da ya fi nuna mini raunin dokar shi ne na mawaƙi Tablo, shugaban ƙungiyar Epik High. Sunanshi Daniel Lee, ya yi karatu a jami'ar Stanford ta Amurka, ya gama digiri na farko da na biyu cikin shekara uku da rabi. A 2010, daidai lokacin da anka haifa mishi ɗiya, wasu sunka buɗe gurup a Naver mai suna Tajinyo, ma'ana "muna neman gaskiya daga Tablo". Wai ƙarya yake, bai taɓa zuwa Stanford ba. Gurup ɗin ya kai mutum kusan 200,000. Ya fito da takardunshi, sunka ce na jabu ne. Jami'ar da kanta ta tabbatar, sunka ce an saye ma'aikacin. Malamanshi sunka yi magana, sunka ce wani Daniel Lee ne daban, shi ya saci sunan. Gidan tele na MBC ya ɗauke shi har Stanford anka buga takardar a gaban kamara, ƴan sanda sunka yi bincike sunka ce digirin na gaskiya ne, duk da haka wasu ba su sauka ba. An bi uwarshi, an bi wanshi har ya rasa aikinshi. Mahaifinshi ya kwanta ciwo ya rasu a 2012, kuma Tablo ya sha faɗin cewa wannan fitina ce ta karya shi.

To wa ya jagoranci abin? Wani dattijo ne ɗan asalin Koriya mai shekara hamsin da wani abu, zaune a Amurka, wanda ya yi rajista da lambar ɗan ƙasa ta wani. Kun ji dokar da anka ce za ta kama kowa. Mai niyyar ɓarna ya ari lambar wani ya wuce, mai gaskiya shi ya miƙa tashi. Sauran dubban kuwa da lambobinsu na gaskiya sunka shiga, kuma bai hana su ba, saboda a ganinsu ba zalunci suke yi ba, gaskiya suke nema. Ina ganin nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya san mugunta yake yi shi ke neman duhu. Wanda ya yarda cewa shi mai gyaran al'umma ne, ga mutum dubu ɗari na tafa mishi, ko da katin ɗan ƙasa manne a goshi zai yi jifa. A 2012 kotu ta yanke ma wasu ƴan gurup ɗin hukuncin ɗauri. Tablo ya rayu, ya koma waƙa.

Sai kuma abin da ya ƙarasa dokar. Tunda an tilasta ma kamfanoni su tattara sunaye da lambobi, sai rumbunansu sunka zama abin kwaɗayin ɓarayin kwamfuta. A watan Yuli na 2011 anka fasa Nate da Cyworld, anka kwashe bayanan mutum miliyan 35: suna, lambar tarho, adireshin imel da sauransu. Cikin ƙasa mai mutum miliyan 50! Ranar 23 ga Agusta 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar, alƙalan duka bakinsu ɗaya. Sun ce ba a nuna musu cewa munanan rubuce-rubuce sun ragu ƙwarai ba, jama'a sun gudu shafukan waje, kuma dokar na sa mutane tsoron faɗin ra'ayinsu. Wani binciken hukumar sadarwa ta ƙasar da jaridu sunka yi ta ambata ya ce munanan sharhi sun sauko daga kashi 13.9 cikin ɗari zuwa kashi 13. Ko kashi guda bai cika ba.

Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Tun 2013 ake rufe layukan salula da ba a yi musu rajista da takardar shaida ba, kuma tun Yulin 2019 muna da dokar hukunta laifukan intanet. A gurup ɗin WhatsApp na unguwa ko na tsofaffin ƴan aji, lambar kowa a fili take, an san ɗan gidan wane ne. Amma a nan ne hoton yarinya ko muryar da ta aika ma saurayi ke zagaya gari cikin dare guda, kowa na yin partaje yana rubuta "Allah ya shirya". Mai kont na ƙarya shi ke kunna wutar wani lokaci, ban musa ba, amma masu hura ta da sunayensu suke.

Mu koma Koriya, don tarihin bai ƙare a 2012 ba. Sulli, sunanta na gaskiya Choi Jin-ri, ta fara fim tana ƙaramar yarinya, ta shiga ƙungiyar mawaƙa ta f(x) a 2009 tana da shekara 15. A 2014 ta dakatar da aiki, kamfaninta ya ce zagi da jita-jita sun gajiyar da ita. Ana zaginta kan saurayinta, kan tufafinta, kan ra'ayinta game da ƴancin mata. Ta fito ta faɗa da bakinta cewa tana fama da ciwon firgita da tsoron shiga jama'a. A 2019 har ta shiga gabatar da wani shirin tele inda taurari ke karanta zagin da anka rubuta musu da ƙarfi, su ba da amsa. A cikin shirin ne ta ba da labarin da ya tsaya mini a rai. Ta ce ta taɓa kai ƙarar wani mai zaginta, da anka gano shi sai ga ɗalibi sa'anta, a wata babbar jami'a. Ta yafe mishi don kada ta ɓata mishi takarda ya rasa aiki gobe. Ita ta tuna da gobenshi. Ranar 14 ga Oktoba 2019 ta kashe kanta tana da shekara 25. Bayan mako shida, ranar 24 ga Nuwamba, aminiyarta Goo Hara ta ƙungiyar Kara ta bi ta, tana da shekara 28. Ita tsohon saurayinta ne ya yi mata barazana da wani bidiyo na sirri. Da maganar ta fito, maimakon a tausaya mata, sai neman bidiyon ya hau sahun gaba na abin da ake bincike a intanet.

Kada mu ɗora komai a kan sharhi. Likitocin ƙwaƙwalwa na nanata cewa kashe kai ba ya da dalili guda. Koriya ta daɗe tana kan gaba a wanga bala'i cikin ƙasashe masu arziki na OCDE, kuma shi ne abin da ya fi kashe mutanenta daga shekara 10 zuwa 39. Akwai matsin jarrabawa, akwai bashi, akwai kunyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Zagin taro na zuwa ne ya iske mutum da rauninshi, ya danna daidai nan. Kuma ga matashi ya fi muni, don bai rayu da yawa ba balle ya san cewa abin kunya na wucewa. Dā in an yi maka dariya a lakwal, ka koma gida ka huta. Yanzu dandalin na ƙarƙashin matashin kanka. Shi ya sa in ɗanku ko ƙanwarku ta shiga bakin duniya, kunka ga ta daina cin abinci, ta daina fita, ba ta barci, tana cewa ta gaji da rayuwa ko gara ba ta nan, ba lokacin faɗa da gori ba ne. A zauna da ita, a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, tambayar ba ta sa ma mutum tunanin, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta likita. Hukuncin kashe kai a addini kowa ya san shi, yaran ma sun sani. Na cin naman mutane ne muke saurin mantawa.

Bayan mutuwar Sulli wasu ƴan majalisa sun sake ɗauko zancen dokar suna, amma hukuncin 2012 na nan tsaye a gabansu. Sai kamfanonin sunka bi wata hanya. A ƙarshen Oktoba 2019 Daum ya rufe wurin sharhi gaba ɗaya a ƙarƙashin labaran taurari. Naver ya bi a watan Maris na 2020, ya kuma ƙara wani abu mai wayo: bai nemi a bayyana sunan kowa ba, amma ya buɗe tarihin sharhin kowane mai rubutu a labarai. Ka danna laƙabin mutum, ka ga duk abin da ya taɓa rubutawa. Kamfanin ya ce munanan sharhi sun ragu sosai bayan haka. A watan Agusta anka rufe sharhi a labaran wasanni ma, bayan mutuwar ƴar wasan volebal Go Yoo-min, ko da yake danginta sun ce abin da ya fi cin ta yadda anka yi da ita a wurin aiki ne. Daga baya anka cire jerin nan na kalmomin da anka fi nema a kowane minti, wanda shi ke nuna ma taro inda za a ruga. A ganina wannan ya fi dokar 2007 fahimtar cutar, don ya taɓa wurin taruwar ne.

Sai dai taro ruwa ne, in ka toshe nan ya ɓulla can. Ya koma Instagram, inda ake aika ma mutum zagin kai tsaye cikin akwatinshi, ya koma YouTube, inda abin ya zama sana'a. Ƴan Koriya na kiran masu wannan sana'a da sunan motocin nan masu jan motar da ta yi hatsari, don da an ji wani ya faɗi su ke fara isa. Kowane kallo kuɗi ne. Wata tasha mai suna Sojang ta yi shekaru tana ƙaga ƙarya kan matasan mawaƙa, musamman Jang Won-young, ba wanda ya san mai ita. Sai da kamfanin mawaƙiyar ya je har wata kotun Kaliforniya a 2023 ya samu umarnin da ya sa Google ya ba da bayanan. Wata mata ce mai shekara talatin da wani abu. A watan Janairu na 2025 kotun Incheon ta yanke mata ɗaurin talala na shekara 2, ta kuma ce a ƙwace won wajen miliyan 200 na abin da ta samu. Mawaƙiyar na da kamfani da lauyoyin da za su ƙetare teku. Ɗalibar kwaleji ba ta da su.

Wata guda bayan wanga hukunci sai ga labarin Kim Sae-ron. Tun tana ƴar shekara tara take fim, ƙasar duka ta ga girmanta. A watan Mayu na 2022 ta tuƙa mota a buge ta daki akwatin taransifoma a Seul, wuta ta ɗauke ma shaguna na unguwar. Laifi ne, ta amsa, ta nemi gafara, kotu ta ci ta tarar won miliyan 20. Aiki ya tsaya mata. Da anka ji tana aiki a gidan shan kafe don ta biya bashi, anka ce wasan kwaikwayo take. In an gan ta da ƙawaye, a ce ba ta yi nadama ba. Da ta yi yunƙurin komawa wasan daɓe a 2024, anka yi ca har ta janye. Kuma da yawa daga masu bin diddiginta ba ɓoyayyu ba ne: jaridu ne masu rajista da masu tashoshin YouTube da ke magana da fuskarsu da sunansu a fili. Ranar 16 ga Fabrairu 2025 anka iske gawarta a gidanta, tana da shekara 24. Ta riga ta gama ɗaukar wani fim da take fatan komawa aiki da shi. An fito da shi a watan Mayu, wata uku bayan jana'izarta.